Ni Ce Bakin Safara'u

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambayar ko an kawo goro, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Na sha ɗaukar waya in rubuta, in goge. Yau dai zan faɗa, ko da wasunku za su ce ni na jawo wa kaina.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Nasiha, shekarata ashirin da bakwai. A unguwar Mamobi aka haife ni, a gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya, nan nake har yau tare da mahaifiyata, Mma. Ina aiki a sashen jin daɗin jama'a na majalisar ƙaramar hukumarmu, wanda mutanen Zango ke kira Sosha. Mai nemana da aure Tajudeen ne, mai gyaran firji a Kanda, ɗan Alhaji Idrisu na Nima. Lahadin da ta wuce aka sa manyansa za su zo gaisuwa gidanmu.

In kun ji an ce sashe, kada ku zaci wani dogon bene. Ɗaki biyu ne a ƙasan ginin majalisa, da benci ɗaya a baranda. Mu huɗu ne ma'aikatan dindindin. Madam Ayorkor ce shugaba, 'yar ƙabilar Ga, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Mista Agbeko ke bin shari'un yara, kwana uku a sati yana kotu. Anti Esi, mai kula da ƙungiyoyin mata da masu naƙasa, tana hutun haihuwa. Sai ni, 'yar autarsu. Akan turo mana 'yan bautar ƙasa, suna fara gane inda kowane fayil yake shekararsu ta cika, su tafi. Ni ma haka na shigo. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina aikin sa-kai kafin takardar ɗaukata ta fito.

Ba majalisa ke ɗaukar mu ba. Daga sama ake ɗauka a rarraba, kuma ba a duba yaren da mutum ke ji. Rabin masu zama a bencinmu da Hausa suke kawo kukansu, amma duk ofishin ni kaɗai ke jin ta. Shi ya sa ko ciwon kai nake yi ba na iya kwanciya a gida. Mma kuwa ba ta taɓa son aikin ba. Aikin leƙa tukunyar mutane take ce masa.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci Lahadin, ina sanye da shuɗiyar atamfa da farin mayafi, ko kokon da na sayo ban buɗe ba, na ga wata mace a ƙarshen benci. Doguwa ce, siririya, cikin hijabi ruwan toka da ya koɗe a kafaɗa. Ta rungume baƙar leda a ƙirji. Mista Agbeko ya gwada ta da Turanci, ya gwada da yaren Tuwi, ta yi ta kallonsa. Ya leƙo ya ce min, "Taki ce."

Na shigo da ita, na ba ta kujera.

"Sannu, baiwar Allah. Me ke tafe da ke?"

Tana jin Hausa sai kafaɗunta suka sauka. "Alhamdu lillahi. Tun asuba nake addu'a Allah ya haɗa ni da mai jin magana. Sunana Safara'u, daga Ƙonni nake, can Nijar. Ɗiyata aka amshe mini."

Na ɗauki biro. Ta ce mijinta dillalin albasa ne, ya auro ta ya kawo ta unguwar Malam shekara bakwai da suka wuce. Wata takwas ke nan motarsu ta kife da shi a hanyar dawowa daga arewa, ya rasu. Ta yi takabarta a ɗakinsu. Tana gamawa mai gida ya ce yana son ɗakinsa. Ranar da take ɗaure kaya aka zo daga gidan surukinta, aka ce kakan yarinyar na son a auna ta kayan Salla, da yamma za a maido ta.

"Wata uku ke nan, Malama. Sau tara ina zuwa ƙofar gidan. Sai a ce ta tafi makaranta, ko tana barci. Na ƙarshe aka ce in daina zuwa."

"Shekararta nawa?"

"Biyar. Bari ki gan ta."

Ta kwance ledar, ta fito da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta buɗe hoto ta miƙo min.

'Yan uwa, na san yarinyar. Shifa ce. Na san giɓin haƙorinta na gaba, na san tabon da ke saman girarta ta hagu. Tajudeen kan zo da ita gidanmu idan ya zo zance. Ni na yi mata kitson da ke kanta yanzu haka, tana zaune tsakanin ƙafafuna tana cin ƙuli-ƙuli. 'Yar yayansa Gafaru ce, mai rasuwa. Na je ta'aziyyar, amma matar tana can ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ban ga fuskarta ba. Kuma da na tambayi Tajudeen ina uwar yarinyar, ce min ya yi ta koma Nijar ta bar ta.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina zuwa."

Na shiga wurin Madam na rufe ƙofa. A aikinmu, idan kana da alaƙa da masu magana dole ka faɗa, kuma dole ka cire hannunka. Na faɗa mata komai, har da Lahadin da aka sa. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza idonta.

"Daidai kika yi da kika faɗa," ta ce. "Fayil ɗin ba naki ba ne daga yanzu, nawa ne. Amma ki gaya min, wa zai ji matar nan? Sau uku ina rubuta wa ofishin yanki a ƙaro min mai jin Hausa. Su ce in nemi babban daraktan majalisa, shi kuma ya ce ɗaukar ma'aikata ba a hannunsa yake ba. In na jira su, yarinyar nan sai ta manta fuskar uwarta."

"A samo wani daga masallaci, Madam."

"Wane ne a Nima bai san Alhaji Idrisu ba? Wanda zan samo, ko ya ci abincinsa ko yana sallah a bayansa." Ta mayar da tabaranta. "Za ki yi tafinta, iyakarta ke nan. Ba ki da ra'ayi, ba ki da tambaya. Abin da ya shiga kunnenki shi zai fito bakinki. Kuma sai idan matar ta yarda, bayan kin gaya mata ko ke wace ce."

Na koma na gaya wa Safara'u. Na zaci za ta tashi ta fita. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ke ce Nasihar? Marigayi ya taɓa yi min zancenki." Sai ta tambaya, "Kin ga ɗiyata kwanan nan?"

"Ranar Juma'a."

"Tana cin abinci?"

"Tana ci."

"To ki faɗi abin da na faɗa, kar ki ƙara, kar ki rage. Ni da ke sai Allah."

Madam ta sa hannu a takardar gayyata, zama ranar Alhamis ƙarfe goma. Ba mu da motar kanmu, sai an rubuta wa majalisa an jira, don haka Mista Agbeko ya hau tirotiro, motar haya, ya kai wa Alhaji da kansa washegari.

Talata da la'asar, ina wanke kwanuka a bakin famfo, saƙonnin Tajudeen suka fara shigowa.

"Nas, takarda ta zo daga ofishinku."

"Kin san da ita?"

"Alhaji bai ci abincin rana ba."

Na goge hannu a zani na rubuta: "Ba zan iya maganar aiki da kai ba. Amma ka ce min uwar Shifa ta koma Nijar."

Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Can sai ga shi: "Haka aka ce mu riƙa faɗa."

"Ni ma?"

Bayan minti goma ya turo: "Tun rasuwar Yaya, Alhaji ba ya dariya sai in yarinyar nan na kusa. In ta tafi Nijar shi ke nan. Ki taimake ni, Nas. Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Ki dai sassauta."

Na kife wayar a kan bokiti.

Kafin magariba labari ya riga ni shiga ɗaki. Hajiya Mulikatu, ƙanwar Alhaji, ta kira Mma. Na tarar da ita zaune a bakin gado, gabanta leshi ruwan zuma da ta ɗinka don ranar Lahadi, ga buhun citta da kanumfari na lamurjin baƙi a gefe.

"Zauna," ta ce. "Shekara nawa ina jiran ranar nan? Sa'anninki duk suna da yara biyu, uku. Gidan mutunci sun ce suna son ki, ke kuma za ki zaunar da surukinki a benci kamar ɓarawo?"

"Mma, ba ni na kira shi ba. Tafinta kawai zan yi."

"To ki yi ciwo ranar. Mutum ba ya ciwo? Ki kwanta, ni zan kira Madam ɗin."

"In na kwanta babu mai jin matar."

"Ita matar uwarki ce?"

"A'a. Amma da Baba ya rasu ina shekara shida, da danginsa sun zo daga Salaga sun ɗauke ni, ya za ki yi?"

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta dube ni, ta ninke leshin a hankali, ta sa a akwati. Har Alhamis ba ta ƙara ce min komai ba sai amsa gaisuwa.

Ranar Alhamis na sa baƙar abaya marar ado, ko kwalli ban sa ba. Alhaji Idrisu ya iso goma saura, cikin farar babbar riga, da carbi a hannu. Ya rame fiye da yadda na san shi. Hajiya Mulikatu na gefensa, Tajudeen na bayansu da rigar aikinsa mai tabon mai. Ba su zo da Shifa ba. Na durƙusa na gai da Alhaji kamar kullum.

"Lafiya lau, 'yata," ya ce, bai dube ni ba.

Madam ta bayyana musu matsayina, ta tambaya ko akwai mai ƙin in yi tafinta. Alhaji ya ce babu. Ina jin ya ɗauka hakan alheri ne gare shi.

Shi ya fara magana, ni ina juyawa. Ya ce Gafaru ne ɗansa na fari, ko gawarsa bai gani ba, a can gefen hanya aka binne shi. Ya ce yarinyar ita kaɗai Gafaru ya bari. Ya sa ta makaranta, tana zuwa Islamiyya, tana kwana a ɗakin kakarta. Uwar kuwa ba ta da ɗaki, a rumfar wata mai albasa take raɓewa. "In na ba ta, gobe ta hau mota da ita, ina zan ga jinin ɗana?" Muryarsa ta karye a nan. Na juya duka, ban rage masa ko kalma ba, har da karyewar muryar sai da ta biyo tawa.

Sai Safara'u. Ta ce gaskiya ne ba ta da ɗaki, amma tana soya awara a bakin tasha, ta kusa kama ɗaya. Ta ce ba ta da niyyar komawa Nijar, in ana so ta rantse da Alƙur'ani. Ta ce ba ta ƙi Shifa ta yini gidan kakanta kullum ba. "Ni dai ta san ban yar da ita ba."

Madam ta rubuta, ta ɗago. "Tambaye ta, ranar da aka ɗauki yarinyar, wa ya zo?"

Na tambaya. Safara'u ta ɗaga hannu ta nuna bayan Alhaji.

"Shi ne. Ƙanen mijina. Na yarda da shi don tare muka yi kuka. Ɗiyar ta riƙe zanina ta ce ba ta zuwa, shi ya ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya, yana ce min, Anti, wallahi kafin magariba zan dawo da ita. Har ruwa na ba shi ya sha."

Madam na kallon bakina. Ba ta jin ko sannu da Hausa. Da na ce wani daga gidan ne ya zo, da ta rubuta haka an wuce. Tajudeen ya sunkuyar da kai. Wannan mutumin ne ya yi shekara biyu yana raka ni tasha lokacin da nake aikin sa-kai, yana ce min in daure takardata za ta fito.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Nasiha, wannan ta cikin gida ce. Ba sai kin juya mata ba."

"Me ya ce?" Madam ta tambaya.

Na fara da maganar Safara'u. Na faɗi sunan Tajudeen, na faɗi zanin, na faɗi yatsun, na faɗi rantsuwar da ruwan da ya sha. Sannan na ce, "Alhaji kuma ya ce wannan ta cikin gida ce, kada in juya miki."

Hajiya Mulikatu ta ce, "Inna lillahi!" ta dafe ƙirji.

Madam ta juya ga Tajudeen ta tambaye shi da Turanci ko haka aka yi. Ya ce, "Haka aka yi," bai ɗago ba.

Ta nemi a kawo yarinyar ofis ta ga uwarta, ko na awa ɗaya, kafin a ci gaba da sulhu. Alhaji ya ce ba za a kawo jikarsa ofishin hukuma ba. Madam ta ce to ba ta da ikon tilasta shi, amma za ta miƙa maganar kotun iyali, Mista Agbeko zai ziyarci gidajen biyu ya rubuta rahoto. Na juya wannan ma. Alhaji ya miƙe, ya gyara rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, karo na farko ya dube ni.

"Ki gai da mahaifiyarki."

Da suka fita Safara'u ta kama hannuna ta matse. Ni kuwa bayan gida na shiga na yi kukana, na wanke fuska, na dawo, don akwai mutum shida a benci suna jira.

Juma'a bayan masallaci Hajiya Mulikatu ta aiko wa Mma cewa an ɗage zuwan Lahadi, sai an ga hali. Mma ta sa aka mayar da kujerun da aka aro. Cittar ta raba wa matan gida. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Tajudeen bai kira ba, bai turo saƙo ba. Na buɗe shafinsa ya fi sau ashirin, ina ganin yana kan layi, in rufe. Ban ma san me nake so ya ce ba. Haƙuri zai ba ni, ko ni yake jira in ba shi?

Lahadi da la'asar, daidai lokacin da ya kamata tsakar gidanmu ta cika da manyan riguna, ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince shinkafa. Mma na kan darduma. Sai na ji sallama. Na san muryar.

Tajudeen ne, shi kaɗai, babu hula, idanunsa ja. Shifa na saɓe a kafaɗarsa, jakar makarantarta a ɗaya hannun, ta kumbura da kaya har zif ɗin bai rufe ba.

"Alhaji bai sani ba," ya ce. "Ya tafi ɗaurin aure Zongo Lane. Kwana uku ban runtsa ba, Nas. Ni na ɗauko ta, ni zan mayar. Ban san inda uwarta take ba. Ke kin sani."

Na sani, a fayil na gani. Kuma abin da ke fayil ba nawa ba ne da zan bayar. In na kai su da kaina, gobe a ce ma'aikaciyar Sosha ta haɗa baki an sace yarinya, maganar Safara'u ta lalace a kotu, aikina ya bi ta.

"Ba a yin haka, Taju. Ka sake ɗaukar ta ba da sanin kowa ba, kamar wancan karon."

"To in mayar da ita Nima?"

Shifa ta zame daga kafaɗarsa ta taho wurina. Kitson da na yi mata ya tsufa, duk ya tashi. Ta dafa gwiwata.

"Anti Nasiha, Baba Taju ya ce Innata tana nan. Da gaske ba ta tafi ba?"

"Tana nan, Shifa. Ba ta je ko'ina ba."

"To me ya sa ba ta zo ba?"

"Ta zo. Sau tara ta zo."

Ban san Mma ta sallame ba sai da na ji ta a bayana. Ta tsaya tana kallon yarinyar, ta daɗe. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta a kafaɗa, da wayata a hannu.

"Kira Madam ɗin taki," ta ce. "Ki ce akwai babba a wurin, ni zan zama shaida."

Madam ta ɗauka a kira na uku, ina jin waƙar coci a bayanta. Na faɗa mata a gurguje. Ta ce kada mu kai yarinyar ko'ina sai ofis, ita za ta kira Safara'u ta kuma kira Alhaji da bakinta, tana zuwa da makulli.

Tajudeen ya ɗauki jakar. Mma ta kama hannun Shifa. Ina neman takalmina ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci, sai matan da ke bakin famfo suka yi shiru gaba ɗaya, suna gyara ɗankwali.

Daga ƙofar gida aka yi sallama, a hankali, sau ɗaya. Muryar Alhaji Idrisu ce, ya biyo sawun jikarsa.